Gawayin filta na shagon nan na gefen babbar kasuwa: sabon na da kyau, amma tsohon da suke gasawa ku bar musu abinsu

Masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da masu ɗan ƙaramin gidan piya wata nan cikin Sakkwato, ga bayanin da kuke ta tambayata kan shagon nan na kayan tace ruwa. Ba zan kama suna ba, don akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, kuma Alhajin mai shagon dattijon kirki ne ba ni son a ce ni na ɓata mai kasuwa. Wanda yas san wurin ya gane. Ni dai kemistiri na karanta a Danfodiyo, takardar na nan cikin akwati, ƙanƙara da zoɓo ke ciyar da gida, to in kun ga na zurfafa a wani wuri ku yi haƙuri, karatun ne ke motsi.

Gawayin da suke kawowa na ɓawon kwakwa ne, buhu mai kilo 25, an rubuta daga Indiya yaf fito, kuma ba abin mamaki ba ne don Indiya da Siri Lanka da Filifin da Indunusiya su ne manyan masu yin irinsa, can kwakwar take. Buhun riɓi biyu ne, akwai leda mai kauri daga ciki wadda anka liƙe bakinta, sannan buhu daga waje. Wagga ledar ta ciki ku riƙe maganarta, rabin kuɗinku na wurinta.

Mutane da yawa na ɗauka gawayin murhu ne kawai anka daka anka zuba a buhu mai rubutun Turanci anka tsauwala kuɗi. Wallahi ba haka ba ne. Gawayin da muke gasa masara da shi itace ne anka ƙone cikin ƙarancin iska, ƙofofin jikinsa mafi yawa a toshe suke da wani abu mai kama da kwalta. Wanga kuwa bayan an mai da ɓawon kwakwar gawayi sai a sake tura shi cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1000 ana busa mai tururi, tururin shina cin jikinsa kaɗan-kaɗan shina huda ramuka ƙanana waɗanda ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba shi ganinsu, a na kwakwa mafi yawansu faɗinsu bai kai nanomita 2 ba (nanomita shi ne in anka raba milimita gida miliyan anka ɗauki ɗaya). Da za a iya baje bangon ramukan da ke cikin giram guda a shimfiɗa shi ƙasa, zai kai murabba'in mita 1000 ko kusa da haka, wato kusan fuloti biyu na ƙafa 50 da 100, cikin abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To a kan wanga bangon aikin duka ke gudana, wari da ɗanɗano mara daɗi duk nan suke maƙalewa, kulorin ma nan ake kawar da shi. Ba hatsin gawayin kake saye ba, bangon kake saye, kuma bangon nan zafi na canza shi, laima ma na canza shi.

Kafin in biya sai da na gwada a gabansu, Alhaji kuma bai hana ba, shi da kansa yas sa yaro ya buɗe sabon buhu. Na cika kofin gilashi da ruwa na zuba cokali guda, nan take ya kama wani ɗan sauti cuuu, ƙananan kumfa na tasowa daga kowace ƙwaya, iskar da ke cikin ramukan ce ruwa ke korowa. Sai gwajin da yaf fi muhimmanci, na ɗiga aidin ɗin nan na kemis cikin wani ruwan har ya yi launin shayi marar madara, na zuba gawayin na girgiza na ɗan jira, launin ya tafi ruwan ya koma garau. Dama a jikin buhun akwai lambar aidin, ita ce ke nuna miligiram nawa na aidin giram guda zai iya kamawa, na kwakwa mai kyau daga 900 zuwa sama shike, ku riƙa duba ta kafin ku saya. Akwai wani abokin sana'armu da ya gwada da zoɓo ya ga jan bai fita da sauri ba yac ce jabu ne anka sayar mai, a'a, ƙwayoyin launi manya ne ba su shiga matsattsun ramukan na kwakwa da sauƙi, masu tace sukari ma na itace suke amfani da shi don shi ne mai ramuka masu faɗi.

A wurin aiki kuwa alhamdulillahi ban da ƙorafi. Warin kulorin ɗin ruwan famfo da ke fitowa cikin ƙanƙara in ta narke ya tafi gaba ɗaya, zoɓon ma ɗanɗanon cittar da kanumfari ya fi fitowa. Amma ruwan farko ku zubar, baƙi ƙirin zai fito saboda ƙura, kuma ko ya washe za ku ji shi da ɗan santsi a hannu don sabon gawayin kwakwa na da sauran toka a jikinsa tana sa ruwan ya yi kaifi, sai an yi ta wucewa da ruwa kafin ya daidaita.

Inda Alhaji ya burge ni shi ne maganar zartsi. Wata Hajiya ta zo ina nan tana neman abin da zai gyara mata ruwan bohol, wai shina barin fari-fari cikin tukunya kuma sabulu ba shi kumfa, yad dube ta yac ce, “Hajiya, in zartsi ne damuwarki kada ki ɓata kuɗinki, wanga ba shi cire gishiri.” Kuma gaskiya ya faɗa. Ƙasarmu akwai dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma kamfanin siminti ke Kalambaina, kuma abin da ruwa ya narkar daga dutse gawayi ba shi kama shi, wannan aikin injin RO ne, wato mai tace gishiri daga ruwa, ko na'urar da ke cire zartsi. In wani mai shago ne, da ya sayar mata ya karɓe kuɗinta. Abin da bai faɗa mata ba ni na ƙara, gawayi ba shi kashe ƙwayoyin cuta, hasali ma tunda ya cire kulorin to ya cire mai tsaron ruwan, in filta ta daɗe ba a kula da ita ba cikin wanga zafi namu ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a cikinta, shi ya sa masu piya wata ke sa fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta bayan tulun gawayi ba gabansa ba.

To yanzu ga inda muka fara saɓawa. Ba kowa ke iya sayen buhu guda ba, don haka suna buɗe ɗaya su riƙa aunawa kilo-kilo, kuma wanga buhun nan bakin ƙofa shike zaune a buɗe, ledar cikin an yage ta, gefensa janareta ne da jarkar fetur. Cikin watan Agusta na sa hannu a ciki na ji shi da sanyi-sanyi, ƙwayoyin na ɗan manne wa juna, na jefa cokali guda a ruwa sautin nan da kumfar duk sun ragu ƙwarai.

Ga abin da ke faruwa. Bangon sabon gawayi kusan zallar kabon ne, kuma kabon ba shi son ruwa, abin da shike so shi ne mai da wari da ire-irensu, wannan halin ne ya sa shike iya zaƙulo su daga cikin ruwa. Amma a gefe-gefen bangon akwai wuraren da kabon ɗin bai gama cika ba, in ya zauna cikin iska mai laima sati da satittika oksijin na zuwa shi liƙe a wuraren, a samu wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu tsami da ake kira karbokzil da fenol da lakton. Su kuma waɗannan ruwa suke so. Ƙwayar ruwa guda ta maƙale a kai, wata ta maƙale jikin ta farko, wata ta biyo baya, har su yi dunƙule su toshe bakin ramin, duk faɗin da ke ciki ya zama na banza. In laimar iska ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba gawayi bai cika shan ruwa ba, amma da ta haura 40 zuwa 50 sai shi buɗe baki ramukan su cika. Mu kuma nan da hunturu laimar na sauka ƙasa da kashi 20, da tsakiyar damina ta haura 60, ga zafi kuma wanda ke ƙara saurin manne wa oksijin ɗin. Wato buhun da ya zauna a buɗe cikin Janairu da wanda ya zauna cikin Agusta ba kaya ɗaya ba ne ko da rana ɗaya anka sauke su daga mota. Ba sabuwar matsala ba ce, tun 1915 da wani masanin kemistiri na Rasha mai suna Zelinsky ya sa gawayi cikin takunkumin kare iska mai guba ake amfani da shi a wannan aikin, kuma har yau gwangwanin takunkumi a liƙe shike zuwa sai ranar amfani ake ɓare shi, saboda laima.

Na san wani zai ce to ai cikin ruwa za a tsoma shi, mi ne ne na tsoron laima? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ɓarnar ta fi yawa ga masu tace iska da shi, na ruwa ba mutuwa ya yi ba. Amma ka tuna a sikeli ake auna maka, sabon buhu ruwan da ke ciki bai kamata ya wuce kashi 5 cikin 100 ba, wanda ya sha laimar damina kuwa ya ninka haka nesa ba kusa ba, ruwa kake biya da kuɗin gawayi. Sannan oksijin ɗin da ya liƙe ba fita zai yi ba don ka shanya, ruwan ne kawai zai bushe, bangon ya riga ya canza hali ya koma mai son ruwa, ƙarfinsa na kama wari ya ragu. Uwa uba hayaƙin janareta da tururin fetur ɗin nan, su ne ainihin abin da gawayi ke so, ya kwana ya wuni shina shansu, kai kuma ka ɗauko shi ka zuba a filtar ruwan da yara za su sha.

Sai aikin da suke kira sabuntawa, wanda don shi ma na zauna rubuta wanga dogon bayani. Kana kawo tsohon gawayinka su karɓi kuɗi ƙasa da na sabo su ce za su mai da shi sabo. Na roƙa anka bar ni na leƙa bayan shago. Yaro ya juye shi a baho ya wanke da ruwa har lakar ta fita, ya baza a kan leda a rana, da ya sha iska sai ya kwashe ya zuba cikin rabin duro da anka ɗora kan itace, shina juyawa da shebur. Na tsaya ina kallo, na ƙasa ya yi ja shina tartsatsi, gefen duron duk farar toka, na sama kuwa har lokacin tururi shike yi. Da ya huce ya ɗebo cokali ya jefa a ruwa ya yi cuuu, yad dube ni shina murmushi, “Oga ka ji ko? Sabo dal.”

Sautin nan shi ke ruɗar mutane, ni kuma ban ga laifin yaron ba don abin da anka koya mai ke nan. Sautin shaidar bushewa ce kawai, kowane gawayi mai rami in ya bushe zai yi shi. Na kawo aidin muka jera kofi biyu, sabo a ɗaya gasasshe a ɗaya, na sabo ya washe, na gasasshen ya tsaya rawaya ya ƙi gaba.

Dalili kuwa shi ne wutar duro ruwa kawai take kora da wasu warin masu saurin tashi. Manyan dattin da sunka shige can cikin ramuka ko dai su zauna ko su ƙone su daskare a wurin su ƙara toshewa. Farar ƙasa da ƙarfen da ruwan bohol ya bari a bakin ramuka wuta ba ta taɓa su. Shi kuma kulorin ba ajiye shi gawayi ke yi ba balle a ce a girgiza ya fita, faɗa suke yi, kulorin ya koma gishiri marar wari shi kuma bangon ya kwashi oksijin, don haka tsohon gawayin famfo bangonsa cike shike da ƙulle-ƙullen nan da na faɗa. Masu rauni daga cikinsu suna fara barin jiki ne daga digiri 200 zuwa 400, masu taurin kai sai an haura 700, kuma duk wannan sai a wurin da babu iska. A buɗaɗɗen duro akasin haka ake samu, wajen digiri 300 zuwa 400 oksijin ƙara mannewa shike yi, in zafin ya wuce haka gawayin ya kama cin kansa, tokar nan ta gefen duro kayanka ne ke tafiya. Masu sabuntawa na gaske tanderu ne da su rufaffe mai kai digiri 800 zuwa 900, da tururi, ba iska, kuma duk da haka kowane zagaye suna asarar kashi 5 zuwa 10 na gawayin sai an cika da sabo.

Na ce ma Alhaji, “Ranka shi daɗe, wanga aikin fa ba shi mai da shi sabo, kuɗin mutane ne ke tafiya.” Bai yi fushi ba, ya yi shiru kaɗan sannan yac ce, “Malam, na ji ka, amma mutane ne ke so, in na ce su sayi sabo sai su ce tsada nike nema, su tafi wani wuri a gasa musu.” Na gane uzurinsa amma ban karɓa ba, wanda ya iya gaya ma Hajiya gaskiyar zartsi zai iya faɗin wannan ma. Wankin da suke yi dai shi kaɗai ke da amfani, shina cire laka ruwa shi samu hanya, kuma wannan kai ma kana iya yi a gida ka tura ruwa ta baya cikin tulun filtar ba sai ka biya kowa ba.

Silika jel ɗinsu kuma, wato ƙwayoyin nan masu shanye laima, labarinsa daban ne, shi wanga da gaske ana sabunta shi. Suna sayarwa kilo-kilo, ina saye don ajiyar garin citta da busasshen zoɓo da damina, na ga dukawa ma na saye saboda jakunkuna da takalman fata kada su yi fumfuna. Shi bangonsa cike shike da ƙananan hannuwa na oksijin da haidirojin da ake kira silanol, abin da ke ɓata gawayi shi ne ƙarfin silika, da su shike kama ruwa, cikin iska mai laima sosai shina iya shan kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. In ya ƙoshi ka baza shi a faranti ka sa a obin wajen digiri 120 na awa biyu zuwa ukku, ruwan ya fita hannuwan na nan, ya koma aiki. Ko shanyar rana da bazara ko iskar hunturu na rage mai wani abu, ba duka ba dai. Amma da zafin ya haura digiri 200 hannuwan da ke maƙwabtaka da juna sai su fara haɗewa su saki ruwa su rufe, bangon ya rage son ruwa, in an wuce 400 dawo da su ya yi wuya. Yaron shagon kuwa a kasko kan garwashi shike soya shi, na ga ƙwayoyin da sunka yi baƙi-baƙi launin da ke nuna ya sha ruwa ya ƙone, ba ka ma iya gane ko ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Kuma kada a wanke shi, ruwa na taɓa shi za ku ji ƙas-ƙas shina fashewa. Ku sayi sabo wurinsu ku riƙa busarwa da kanku.

Kala biyu suke da shi, shuɗi mai komawa ruwan hoda in ya ƙoshi, da kuma mai ruwan lemo. Shuɗin sinadarin kobal ne a ciki, a Turai an sa shi cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji, don haka masu kilishi da garin yaji da duk abin da za a ci ku ɗauki na ruwan lemo, shi ma cikin ƙyalle ko takarda a ɗaure, nesa da yara.

Ta fannin mu'amala ba su da matsala, suna karɓar tiransifa, suna ba da rasit in ka nema, in buhu ne su sa maka a keke har ƙofar gida. Yaran na zuwa juye tulun filta, nan ne na ga ɗaya ya tura kansa da kafaɗunsa cikin babban tulu shina kwaso jiƙaƙƙen gawayi, na ja shi baya na ce ƙanena kada ka sake, jiƙaƙƙen gawayi na shanye oksijin na cikin rufaffen wuri, mutum na iya suma ba tare da ya ji warin komi ba. Bai taɓa jin haka ba, kuma wannan Alhaji ya kamata shi koya musu.

Yadda muke yi yanzu, mu ukku masu ƙanƙara a unguwarmu muke haɗa kuɗi mu sayi liƙaƙƙen buhu, a buɗe shi gabanmu a raba, kowa ya zuba nasa a filta ranar, abin da ya rage a ɗaure cikin leda biyu a sa a bokitin fenti mai murfi wanda anka wanke tas, a ajiye ɗakin da ba fetur ba turare. Na roƙi Alhaji shi riƙa kawo ƙananan ledoji liƙaƙƙu na kilo ɗaya ko biyar don masu ƙaramin ƙarfi, ko aƙalla shi ɗauke buɗaɗɗen daga gefen janareta, yac ce zai yi magana da mai turo mai kaya daga Legas. Da na wuce ta wurin satin nan an dai matsar da jarkar fetur ɗin, buhun kuma har yanzu bakinsa a buɗe.